Daga Tafkunan Boston Zuwa Randar Tsakar Gida: Tarihin Ƙanƙara Da Ɓoyayyen Zafi

Rubutun wannan makon na tarihi ne, amma a bakin layinmu ya samo asali.

Azumin bara, ranar da muka cika kwana uku babu wuta a unguwa, Umma ta aike ni sayen ƙanƙara bayan la'asar. Na tarar da layi kamar na gidan mai, kuma kuɗin da aka ba ni na ƙulli biyu, ɗaya ya saya da ƙyar. Mai ƙanƙarar yana yaye buhu, yana tona garin katako, yana zaro ta ƙulli-ƙulli, sai wani yaro da ke gabana ya ce, "Baba, me ya sa kake rufa mata bargo? Ba za ta ji zafi ta narke ba?" Kowa ya yi dariya, har da ni. A hanyar gida ne na ga ni ma da diflomata, in aka tsare ni ba zan ba yaron amsar da za ta gamsar da shi ba. Tun firamare mun haddace cewa ruwa yana daskarewa ya zama ƙanƙara, ƙanƙara ta narke ta koma ruwa, ruwa ya tafasa ya zama tururi, tururi ya taɓa murfin tukunya ya sake zama ruwa. Abin da ba a koya mana da kyau ba shi ne kuɗin fiton da ruwa ke biya duk lokacin da zai tsallaka daga wannan hali zuwa wancan. Tarihin ƙanƙara kusan gaba ɗaya labarin wannan kuɗin fiton ne.

Kwaɗayin ruwan sanyi a ƙasar zafi tsohon abu ne. Malaman tarihi irin su Ɗabari sun kawo cewa a hajjin shekara ta 160 bayan Hijira an kai wa Halifa Mahdi na Abbasiyawa dusar ƙanƙara har Makka. Sarakunan Mamluk na Misira suna da ma'aikata na musamman masu ɗauko ta daga duwatsun Sham, wani lokaci ta jirgin ruwa, wani lokaci a kan raƙuma, har fadar Alƙahira. A Farisa an gina rumbunan ƙasa masu kaurin bango da rami a ciki, ana tara ƙanƙarar hunturu ana sha da bazara. Duk waɗannan mutanen sun san a aikace cewa ƙanƙara tana da taurin kai, ba ta narkewa farat ɗaya. Dalilin taurin kan ne ba wanda ya auna.

Wanda ya auna shi wani likita ne mai koyar da ilimin sinadarai a Jami'ar Gilasgo ta ƙasar Sikotland, sunansa Joseph Black, wajen shekarar 1761. A zamaninsa masana sun ɗauka cewa da zarar ƙanƙara ta kai matakin narkewa, ɗan zafi kaɗan ya isa ya mayar da ita ruwa duka. Black ya ce in da haka ne, ai ranar da sanyi ya fara sassautawa a ƙasarsu, duk dusar ƙanƙarar da ke kan duwatsu za ta zube lokaci guda, ambaliya ta share garuruwa. Amma abin da ido ke gani shi ne tana ɗaukar makonni tana narkewa a hankali.

Sai ya yi gwaji mai sauƙi wanda ko a ɗakin girki za a iya yi. Ya ajiye kofunan gilashi biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya da ruwa mai sanyi daf da daskarewa, ɗaya da ƙanƙara mai nauyi daidai da ruwan. Cikin rabin sa'a ruwan ya ɗan yi ɗumi zuwa wani mataki. Ƙanƙarar kuwa sai da ta shafe sa'a goma da rabi kafin ta narke ta kai wannan matakin. Ɗaki ɗaya ne, zafin da ke shiga kofunan iri ɗaya ne. To ina zafin sa'o'i goman ya tafi, tunda ma'aunin zafi bai nuna shi ba? Black ya ce ƙanƙarar ce ta haɗiye shi don ta sauya hali, ya kira shi ɓoyayyen zafi.

Ga yadda lissafin yake da ma'aunin yau. In ka ɗauki kilo ɗaya na ƙanƙara mai digiri 0, ka zuba mata kilo ɗaya na ruwan zafi mai digiri 80, hankali zai ba ka cewa za a hadu a tsakiya, wato 40. Ba haka ake samu ba. Za ka sami kilo biyu na ruwa mai digiri 0. Duk zafin nan da zai iya saɓule maka fata ya ƙare a wajen warware ɗaurin da ya riƙe ƙwayoyin ruwan wuri ɗaya, ko digiri ɗaya bai ƙara ba. Wannan ne fiton farko.

Fito na biyu ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. Duk wadda ta taɓa ɗora sanwa ta san ruwa yana saurin tafasa, amma kafin ya ƙone ƙurmus sai an ci itace. Zafin da kilo ɗaya na tafasasshen ruwa ke buƙata ya tashi ya zama tururi ya ninka wanda ya ɗauko shi daga digiri 0 zuwa 100 fiye da sau biyar, ya kuma kusa ninka na narkar da ƙanƙara sau bakwai. Kuma bashi ne da ake biya: ranar da tururin ya koma ruwa, sai ya amayar da zafin nan duka. Shi ya sa ƙunar tururin tukunyar dambu ta fi ta ruwan zafi ciwo. A jami'ar nan ta Gilasgo akwai wani matashi mai gyaran kayan gwaji, James Watt, wanda ya lura tururi kaɗan yana iya tafasa ruwan da ya ninka nauyinsa kusan sau shida, abin ya ɗaure masa kai har ya kai wa Black, Black ya warware masa. A 1765 Watt ya gano yadda za a riƙa mayar da tururi ruwa a wani ɗaki daban na injin, a daina asarar zafi, kuma injinsa ne ya ja masana'antun Ingila. Wannan labari ne na wani makon. Mu koma kan ƙanƙara.

Yanzu mu tsallaka teku zuwa Boston da ke arewa maso gabashin Amurka, inda tafkuna ke daskarewa duk hunturu har doki ya yi tafiya a kai. Nan ma akwai wata baiwa ta ruwa: in ya daskare kumbura yake yi, kusan kashi 9 cikin 100, shi ya sa kwalbar da aka cika fal take fashewa a firiza. Tunda ta kumbura, ƙanƙara ta fi ruwa rashin nauyi, sai ta yi iyo. Saboda haka tafki daga sama yake daskarewa, kamar an shimfiɗa faranti, mutum ya zo da zarto ya yanka.

Wani ɗan masu hali mai suna Frederic Tudor, wanda aka haifa a 1783, ya ƙi zuwa jami'a, ya ce shi ƙanƙarar nan da ake samu kyauta zai kai ƙasashen zafi ya sayar. Masu jiragen ruwa suka ƙi ɗaukar masa kaya, don a ganinsu ruwa zai cika musu jirgi. Sai ya sayi nasa, mai suna Favorite, a watan Fabrairun 1806 ya tashi zuwa tsibirin Martinik, yana ɗan shekara 22. Sai da wata jaridar Boston ta tabbatar wa masu karatunta cewa labarin ba wasa ba ne. Ƙanƙarar ta isa, wanda shi kansa abin mamaki ne, amma babu rumbun ajiya a can, kuma mutanen garin ba su san me za su yi da ita ba. Ta narke a hannunsa, ya tafka asarar dubban daloli. Ya sake gwadawa a Habana ta ƙasar Kyuba, rikicin kasuwanci da yaƙi tsakanin Amurka da Ingila suka tsayar da jirage, bashi ya yi masa katutu, a 1812 da 1813 aka kai shi gidan yari saboda bashi. In a garinmu ne, da tuni dangi sun taru sun ce a kai shi a yi masa ruƙiyya.

Abu biyu suka cece shi, kuma duka biyun amsar tambayar yaron nan ce. Na farko garin katako. Yankinsu cike yake da injinan yanka katako, garin kuwa shara ce da ake neman inda za a zubar. Tudor ya gwada ciyawa da ƙaiƙayi da wasu abubuwa, ya ga garin katako ya fi. Bargo ba ya ƙirƙirar zafi, tare hanyarsa kawai yake yi. Da sanyi yana hana zafin jikinka fita, shi ya sa kake jin ɗumi. In ƙanƙara ka rufa wa, sai ya hana zafin waje shiga. Ita kuma ba za ta narke ba sai an biya ta fiton nan na digiri 80 a kan kowane kilo. Ka toshe ƙofar da kuɗin zai shigo, sai ta zauna tana jira.

Na biyu wani ma'aikacinsa ne, Nathaniel Wyeth, wanda a 1825 ya ƙera wata irin garma mai haƙora da doki ke ja a kan tafki, tana tsaga ƙanƙarar layi-layi. Kafin nan da gatari ake sara, a fito da gutsattsari kowanne da siffarsa, in an loda iska tana yawo a tsakani. Da garmar Wyeth sai aka koma samun tubala masu girma ɗaya, a jera su kamar bulo, su manne su zama tsauni guda. Zafi ta fata yake shiga, kuma ƙaton dunƙule fatarsa kaɗan ce in aka kwatanta da cikinsa. Duk mai sayar da zoɓo ta san ƙanƙarar da aka farfasa ta fi saurin ƙarewa a kula.

Ga kuma wayon kasuwa. Jiragen Boston sau da yawa babu kaya suke fita, har sai an loda musu duwatsu don kada iska ta kifar da su, don haka suka karɓi ƙanƙara a kan kuɗi kaɗan. A garuruwan da ya shiga kuwa, Tudor yakan ba masu sayar da abin sha ƙanƙara kyauta na wani lokaci, da sharaɗin su sayar da mai sanyi a farashin mai ɗumi. Ya san wanda ya saba da ruwan sanyi ba ya komawa. Duk wanda ya taɓa yin buɗa-baki da ruwan da ya wuni a jarka zai shaida mutumin nan ya san halin ɗan Adam.

Babbar cacar ita ce ta 1833. A watan Mayu jirgin Tuscany ya bar Boston da tan 180 na ƙanƙara, ya nufi Kalkata ta Indiya, tafiyar mil kusan 16,000 da ƙarfin iska, wata huɗu a teku, ya ratsa tsakiyar duniya inda rana ta fi zafi har sau biyu. A watan Satumba ya iso da kusan tan 100. Ku tsaya ku yi tunani: babu inji, babu lantarki, katako ne da garin katako kawai, amma fiye da rabi ta tsira.

Ba wai Indiyawa ba su san ƙanƙara ba ne, kuma hanyarsu ta fi burge ni. A yankin Hugli kusa da Kalkata, da wasu wurare a arewacin ƙasar, da hunturu ana haƙa ramuka marasa zurfi, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a jera ƙananan kasake na ƙasa da ruwa ɗan kaɗan a ciki. In dare ya yi garau, babu gajimare babu iska, ruwan yana sakin zafinsa zuwa sararin sama, ciyawar ta hana zafin ƙasa hawowa, kafin asuba sai a tarar da ɓawon ƙanƙara a kai, alhali iskar wurin ba ta kai sanyin daskarewa ba. Sai a yi maza a kwashe kafin rana ta fito, a danƙare a rami. Sai dai siririya ce, mai datti, kuma sai yanayi ya yarda. Da Turawan mulkin Ingila suka ga tubalan Boston garau kamar gilashi, suka rikice. Suka yi karo-karo suka gina rumbun ƙanƙara, hukuma ta yafe mata haraji, aka yarda a riƙa sauke ta da dare. Bombay da Madras suka bi sahu, kuma ginin rumbun Madras, garin da yanzu ake kira Cennai, yana nan tsaye har yau. Ribar Indiya ce ta taimaka wa Tudor ya biya bashin sama da dala 200,000 da ya ci a wata cacar kasuwar kofi, ya mutu a 1864 yana attajiri, ana kiransa Sarkin Ƙanƙara.

Ban ce a yi masa tafi da hannu biyu ba. An yi amfani da ƙanƙarar a asibitoci wajen masu zazzaɓi, wannan gaskiya ne. Amma mafi yawanta a teburin masu mulkin mallaka da attajirai ta ƙare, kuma a tsibiran Karibiyan da kudancin Amurka, kasuwanninsa na farko, arzikin masu sayenta gumin bayi ne. Talakan da ya sauke ta daga jirgi a Kalkata, abin da ya samu shi ne ɗigon da ya jiƙa masa wuya.

Abin da ya kashe wannan kasuwa shi ne fito na biyu, wato na tashi zuwa tururi. Tun wajen 1755 malamin Black, William Cullen, ya nuna cewa in ka zuƙe iskar da ke kan wani sinadari mai saurin tashi da ake kira eta, zai tafasa ba tare da wuta ba, kuma zafin da yake buƙata daga abin da ke kusa da shi zai fizgo, har ruwa ya daskare. Irin sanyin da kake ji ne in ma'aikaciyar jinya ta goga maka sifirit kafin allura. Cullen ya sami 'yar ƙanƙara kaɗan, aka ajiye abin a matsayin wasan ɗakin gwaji kusan shekara ɗari.

A garin Apalachicola na jihar Filorida, wani likita John Gorrie yana fama da masu zazzaɓin shawara, yana rataya ƙanƙara a ɗakinsu don ya sanyaya iska, kuma in jirgi bai zo ba shi ke nan. Ya ƙera injin da ke matse iska ya sake ta ta yi sanyi, ya sami takardar mallakar fasaha a 1851. Jaridu suka yi masa ba'a, mai zuba masa jari ya mutu, shi ma ya rasu a 1855 cikin talauci, yana zargin Tudor da hannu a ɓata masa suna. A garin Geelong na Ostareliya kuma wani ɗan jarida mai maɗaba'a, James Harrison, ya lura in ya wanke haruffan ƙarfe da eta suna yin sanyi ƙalau. Daga nan ya ƙera injin da ke barin sinadarin ya tashi a cikin bututu ya kwashe zafin ruwa, sannan a matse shi ya koma ruwa-ruwa a wani gefe ya zubar da zafin, a sake zagayowa. A shekarun 1870 Bajamushe Carl von Linde ya inganta tsarin da sinadarin amoniya. Firjin da ke gidanku wannan zagayen yake yi har gobe. Ka taɓa bayansa ka ji zafi, zafin da aka kwaso daga cikin kunun ayarka ne ake amayarwa. A 1878 aka buɗe kamfanin yin ƙanƙara da inji a Kalkata, cikin 'yan shekaru jiragen Boston suka daina zuwa.

A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Randar da ke tsakar gida, wadda kakanninmu ke girkewa a kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa, da wannan dokar take aiki. Jikinta yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana nasowa waje, iska ta ɗauke shi, kuma kowane ɗigo da ya tashi sai ya biya fitonsa da zafin da ya samu a jikin randar. Shi ya sa sabuwar randa mai naso ta fi tsohuwar da ta toshe sanyi, shi ya sa kuma bokitin roba ba zai taɓa yi ba. Gumin jikinka ma haka yake sanyaya ka.

Wani malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jigawa da ke Dutse, marigayi Mohammed Bah Abba, wanda ya tashi a gidan masu ginin tukwane, ya ɗauki wannan tsohuwar hikimar ya mayar da ita rumbun ajiya a shekarun 1990. Tukunya ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa yashin, a rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ya raba dubbai a ƙauyukan Jigawa, da farko da kuɗin aljihunsa, kuma a shekarar 2000 ya sami kyautar Rolex ta dala 75,000. Gwajinsa ya nuna yalon da ke lalacewa a kwana 3 yana kaiwa kwana 27, tumatir da tattasai suna yin mako uku. Ga manomin da ke zubar da kwandon tumatir a bakin kasuwa don ba shi da inda zai ajiye, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma Bah Abba ya riƙa nanata cewa yaran da ake fitarwa talla kullum don kada kaya su ruɓe za su sami sararin zuwa makaranta.

Kada a ce na zuzuta: tukunya ba za ta yi maka ƙanƙara ba, kuma da damina, lokacin da iska ta ƙoshi da laima ba ta karɓar ƙari, aikinta raguwa yake yi sosai. Ƙarfinta a rani yake, daga hunturu zuwa bazara, lokacin da shanya ke bushewa kafin ka juya. A irin wannan iskar, kofi ɗaya na ruwa da ya tashi daga jikin yashin yana tafiya da zafin da zai narkar da ƙanƙara mai nauyinsa kusan sau bakwai, ko da yake wani kason zafin daga iskar waje yake zuwa.

Bayan sallah na sayo tukwane biyu a kasuwa na haɗa irin ta Bah Abba a bayan ɗakin Umma, ta ce in dai ba zan hana ta wurin shanya ba. Tumatirin da na saka ranar Asabar ya kai Juma'a ta biyu bai yi laushi ba. Yaron nan kuwa na sake ganin sa a layin, na yi masa bayanin bargon, ya saurare ni tsaf, sannan ya ce to me ya sa ƙanƙarar ke hayaƙi in an fito da ita alhali ba wuta a jikinta. Na ce masa ba hayaƙi ba ne, laimar da ke cikin iska ce ta taɓa sanyi ta koma ƙananan ɗigon ruwa, irin raɓar da yake gani a jikin ledar fiya wata. Ya ce zai gwada da madubin yayarsa.